Babi na Shida: Daga Fijo Zuwa Turbo a Hanyar Gusau

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a garejin kanikawa da tashoshin mota daga Tsafe zuwa Gusau har Bunguɗu, cewa motar da ita ce mota, ta yanzu kuwa roba ce da wayoyi. Masu faɗin haka sun san mota. Yawancinsu direbobi ne da suka sha ƙurar hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato shekara da shekaru, da kanikawan da suka sauke inji suka mayar har ba su san iyaka ba. Idan suka buɗe bonet suka ga ɗan ƙaramin inji mai silinda uku ko huɗu da aka maƙala wa turbo, sai su girgiza kai su ce wannan ba zai yi rai a ƙasar nan ba. Hujjarsu tana da nauyi, kuma zan ba ta haƙƙinta. Amma a ganina sun ajiye yabo inda ba muhallinsa ba. Ƙarkon da ake yi wa tsohuwar mota kirari da shi, wani ɓangare ne kaɗai yake cikin ƙarfenta. Sauran yana cikin abin da ƙasa ta tanadar mata a zamaninta: masana'anta kusa da gida, kayan gyara a kowane gari, man da ya dace da ita, da kanikawan da aka koya wa aikinta. Sabon inji ya iso bai tarar da waɗannan ba, shi ya sa yake mutuwa da wuri a hannunmu.

Asalin wannan gardama a Amurka take. A 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki injin babbar mota mai silinda takwas, mai faɗin lita 6.4, ya dasa shi a jikin matsakaiciyar mota, ya sa mata suna GTO. A shekarar ce kuma Ford ya fito da Mustang, Dodge ya biyo da Charger a 1966, daga nan aka shiga tseren girman inji. Kafin 1970 ta ƙare ana iya sayen Chevrolet Chevelle mai injin lita 7.4 da aka rubuta masa ƙarfin doki 450. Dabarar waɗannan motoci masu ƙwanji guda ɗaya ce, wato a faɗaɗa silinda ta zuƙi iska mai yawa, a kwarara mata fetur. Abin ya yiwu ne saboda galan ɗin fetur a Amurka bai kai rabin dala ba a lokacin, don haka motar da ke cin lita ɗaya a kilomita huɗu ko biyar ba ta damun mai ita. Zamanin bai wuce shekara goma ba. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi ga matasa masu irin waɗannan motoci, sannan a watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Yana da kyau kuma mai karatu ya san cewa alƙaluman ƙarfin dokin da ake tinƙaho da su, kafin 1972 ana auna su ne da inji tsirara a kan benci, ba salansa, ba matatar iska, ba sauran kayan da ke rage masa ƙarfi a cikin mota. Abin da ke isa ga taya bai kai haka ba.

Irin waɗannan motoci ba su taɓa yawa a tsohuwar Jihar Sakkwato ba, wadda Zamfara ke cikinta har zuwa 1 ga Oktoban 1996. Amma rikicin man da ya kashe su a Amurka shi ne ya cika baitulmalin Nijeriya, ya kawo ƙarin albashin Udoji, ya ba ma'aikaci halin sayen sabuwar mota. Motar da ya saya kuwa ita ce Peugeot 504. Ita ce tamu tsohuwar jaruma, ita ake nufi idan an ce motar da. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma ba a daina 504 a can ba sai 2006, shekaru da yawa bayan Turai ta manta da ita. Abin lura shi ne ba ta da wani ƙarfin a-zo-a-gani. Injinta mai kafireto, mai faɗin lita biyu, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Darajarta tana cikin tsayin ƙafarta, da yadda take haɗiye ramuka, da tayoyin baya da ke tura ta ko ta sha lodi, da haƙurinta da mai shi.

Wannan haƙuri ne nake son a duba da kyau. Fijo tana da masana'anta a Kaduna, tafiyar rabin yini daga Gusau. A shekarun farko har ta jirgin sama ake kawo sassanta daga Lyon zuwa Kano. Gwamnati ta mayar da ita motar ofis, don haka kowace ma'aikata tana da garejin da ake kula da ita, kuma yaran da suka koyi aiki a waɗannan garejoji da na dillalai irin su SCOA su ne suka fita suka buɗe nasu, suka yaye wasu. Matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980, bututu ya kawo mai har defon Gusau. Inji iri ɗaya ne a salun da wagon da fikof, saboda haka mai shagon kayan gyara a Tsafe ba ya buƙatar ajiye kaya iri ɗari. Idan fulatinom ya ci wuta a Kwatarkwashi, akwai wanda zai goge shi ya daidaita da kunne, mota ta tashi. Duk wannan ilmi ne da jari da aka shekara talatin ana tarawa a kan mota guda. Da an kai 504 garin da ba a taɓa ganin kafireto ba, da ita ma an ce ba ta da ƙarko.

Sai mu koma ga abin da ake tsoro. Inji wuta yake ci, wuta kuma ba ta ci sai da iska. Inji na gargajiya yana zuƙar iska da kansa gwargwadon faɗin silindarsa, don haka mai neman ƙarin ƙarfi dole ya ƙara girma. Turbo ya bi hanyar da maƙeri ya sani tun kaka da kakanni: ba ya ƙara faɗin murhu, zugazugi yake kamawa ya hura wa gawayi iska har ƙarfe ya yi ja. A cikin mota, hayaƙin da zai fita a banza ta salansa shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke kan sanda ɗaya da ita, wadda ke danna iska cikin silinda. Iska ta ƙaru, an ƙara mata fetur daidai gwargwado, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba a lokacin da ake bukata, ya koma cin ɗan kaɗan idan an sassauta totur. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar wannan dabara tun 1905, kuma ta daɗe tana aiki a jiragen ruwa da na sama da na ƙasa kafin ta shigo ƙananan motoci. A yau sakamakon a fili yake. A 2012 Ford ya fito da inji mai silinda uku, lita ɗaya tak, mai ƙarfin doki 125, wato rabin faɗin injin 504 amma ya fi shi ƙarfi. Mustang ta 2015 mai silinda huɗu da turbo tana ba da doki 310, kusan daidai da 325 ɗin da aka rubuta wa GTO ta farko da tsohon ma'auni mai kumbura lissafi. A 2019 Mercedes ya matso doki 421 daga injin lita biyu. Ta fuskar ƙarfi gardama ta ƙare tuntuni.

Akwai wani labari daga farkon shigar turbo ƙananan motoci da ya dace da halin da muke ciki. A 1962, shekara biyu kafin GTO, kamfanin General Motors ya fito da Oldsmobile Jetfire mai turbo. Don kada injin ya riƙa ƙwanƙwasa saboda matsi da zafi, an yi masa wani ɗan tanki na ruwa gauraye da sinadarin metanol, wanda dole mai mota ya riƙa cikawa. Masu motar ba su saba ba, suka riƙa barin tankin ya ƙafe, motar ta rage ƙarfi, suka cika dillalai da ƙorafi. Bayan shekara biyu aka daina yin ta, har kamfanin ya yi tayin cire wa masu ita turbo ya mayar musu da kafireto. A ƙasar da ta ƙera motar ke nan turbo ya faɗi, domin jama'a da kanikawa ba su shirya masa ba. Sai da Porsche a 1975 da Saab a ƙarshen shekarun 1970 suka sake gwadawa, sannan aka samu bakin mai mafi inganci da kwamfutar da ke lura da inji, kafin ya zauna da gindinsa.

To me turbo yake nema, me kuma yake tararwa a nan? Farfelarsa tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, a cikin hayaƙin da zafinsa kan kai digiri 900, kuma abin da ke raba sandarta da ƙarfen da ke riƙe da ita ɗan siririn bakin mai ne kawai. Wannan bakin mai dole ya zama irin wanda kamfani ya rubuta, marar kauri, mai jure zafi, kuma a juye shi a kan lokaci. A garejinmu kuwa an gaji imani cewa mai kauri shi ne mai kyau, ana auna shi daga duro ba a san asalinsa ba, jabu kuma ya cika kasuwa. Direba ya taso daga Zariya da gudu ya iso Lalan a Gusau ya kashe mota nan take, man da ya tsaya a cikin turbo ya ƙone ya zama gawayi, ya toshe hanyarsa. Ƙurar hunturu ta cika matatar iska, maimakon a sauya ta sai a busa mata iska a mayar, ko a bar ta da huda, ƙwayar yashi ta shiga ta ci bakin farfela. Ana cire tamostat da sunan wai na ƙasar sanyi ne, a zuba ruwan rijiya a lagireto, alhali a watan Afrilu zafin Gusau yakan haura digiri 40. Ga kuma fetur. Yawancin sababbin injinan nan suna fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsin da ya kai bar 200, kusan ninki ɗari na iskar tayar mota, ta wasu 'yan ƙofofi masu tsananin siranta. Man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka da ƙasa da ruwa yana wucewa ta kafireto da ɗan tari, amma nozul irin wannan ba ya yafewa. Ba man bakin titi kaɗai ba ma: a farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol daga Beljiyam, ya bi ta gidajen mai na halal ya lalata motocin mutane. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsohon inji yakan shanye shi ya ci gaba da tafiya, yana hayaƙi yana shan mai. Sabon inji ba ya shanyewa.

A nan mai adawa zai ce ai na gama ba shi gaskiya. Idan ƙasa ba ta dace da inji ba, me zai sa a kawo shi? Kuma zai ƙara da hujjar da ta fi kowace nauyi a Zamfara ta yau, wato tsaro. Mota ta mutu wa mutum tsakanin Wanzamai da Yankara da yamma ba maganar kuɗin gyara ba ce, maganar rai ce. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar tsawon makonni, aka hana sayar da mai a jarka, aka taƙaita gidajen man da za su yi aiki. Wanda motarsa ta tsaya a daji a wannan lokaci ba shi da wanda zai kira, sai abin da hannunsa da sifana za su iya. Ba na raina wannan hujja ko kaɗan. Amsata ita ce motar da ake kewa ba ta nan. Ƙaramar 504 da ta fito daga Kaduna ta doshi shekara ashirin, yawancinsu sun ninka haka, kayan gyaransu kuma ko kwashe ne ko jabu. Direbobin tasha da kansu suka yanke hukunci tun da daɗewa: sun ajiye wagon sun koma Golf da Sharon da Homa, dukkansu masu nozul da burenbos. Lokacin da waɗannan suka fara shigowa daga Kwatano, irin maganar da ake yi wa turbo yau ita aka yi musu, har wasu kanikawa suka riƙa cire nozul suna ɗaura kafireto. Yanzu yaron gareji ma yana wanke nozul, kuma ba wanda ke ganin Golf a matsayin motar da ba ta dace da hanyar Tsafe ba. Kanikawan sun koya ne domin motocin sun yi yawa har koyon ya zama hanyar abinci.

Turbo ma ba baƙo ba ne a wannan hanya kamar yadda ake zato. Tirelolin DAF da MAN da na Sin da ke ɗaukar hatsi da shanu da siminti ta Bunguɗu dare da rana kusan duk injin dizal ne mai turbo, kuma kanikawan manyan motoci sun daɗe da sanin kukansa idan ya fara lalacewa. Direban tirela ya san ba a kashe mota da zafi, yakan bar ta ta ɗan yi silo. Ilmin yana cikin gari, bai dai tsallaka daga layin manyan motoci zuwa na ƙanana ba.

Wata hujjar da ake kawowa ita ce sauƙin shan man turbo a takarda yake. Wannan akwai gaskiya a ciki. Ƙaramin inji yana tsimi ne idan ana tafiya a hankali ba nauyi. Idan aka cika mota da fasinja, aka ɗaure buhuna har but ya kasa rufuwa, aka danne totur daga Gusau zuwa Talatar Mafara, turbo ba ya hutawa, kwamfuta kuma tana ƙara fetur don ta sanyaya injin, sai ribar ta ragu ƙwarai. Haka kuma ba kowane sabon inji ne aka ƙera da kyau ba. Injin Peugeot mai silinda uku, lita 1.2, ya sha ƙorafi a Turai saboda bel ɗinsa da ke gudana cikin bakin mai yana ruɓewa, har kamfanin ya kira motoci don gyara. Saboda haka direban haya da ya zaɓi Toyota mai inji marar turbo a yau bai yi kuskure ba, ni ma shawarar da zan ba shi ke nan. Amma wannan hujja tana kare matsakaicin inji na zamani ne, ba ta kare ƙaton inji na da. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Gusau zuwa Sakkwato ya ɗara kilomita 200. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita biyar za ta sha lita 40 a zuwa kaɗai, ƙaramin inji na zamani a hannun mai tuƙi da natsuwa ba zai sha rabin haka ba. Abin da ya faru da Amurkawa a 1973 shi ya same mu bayan shekara hamsin, kuma ana ganin alamarsa a yadda manyan motoci masu silinda shida da takwas suka koma kwana a gida.

Akwai kuma abin da masu kewar da ba su cika ambata ba, wato abin da ke faruwa idan an yi karo. Ana buga jikin tsohuwar mota a ji tauri a ce wannan ita ce kariya. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa Chevrolet ta 1959 da ta 2009 gaba da gaba. Gaban sabuwar ya murƙushe ya shanye bugun, ɗakin direba ya tsaya yadda yake. Tsohuwar kuwa sitiyari da ƙarafa suka shigo har kujerar direba. Motocin ƙwanji na Amurka da yawa sun fito da birkin ganga da tayoyin da ba su kai ƙarfin injinsu ba. A hanya irin tamu, inda ake wuce tirela ana kallon wata na tahowa, birkin da ba ya kulle taya da jakar iska da bel sun fi kaurin ƙarfe amfani ga mai iyali.

Ko da duk waɗannan hujjoji ba su gamsar ba, zaɓin yana ƙanƙancewa da kansa, domin motocin da muke saya su ne waɗanda Turai da Amurka suka hau shekara takwas ko goma da suka wuce. Honda ya cire silinda shida daga Accord a 2018 ya sa turbo. Toyota ya cire silinda takwas daga Land Cruiser a 2021 ya sa shida mai turbo biyu. Dodge ya daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023. A Kaduna ma, sabon kamfanin haɗin gwiwar Dangote da Peugeot da ya fara aiki a 2022 yana fitar da irin su 3008, jikar 504 ke nan, da injin turbo. Waɗannan su ne za su cika wuraren dillalan Gusau nan da 'yan shekaru, su gangara hannu na biyu da na uku har su kai ga malamin makaranta a Bunguɗu.

Abin da ya rage shi ne a yi wa sabon inji irin tanadin da aka yi wa Fijo, kuma ba aiki ne da ya fi ƙarfinmu ba. Tun 1996 kowace motar da aka sayar a Amurka tana da soket iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi sahu a 2001, kuma 'yar na'urar da ake sokawa a ciki ta karanto matsala zuwa wayar hannu ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba. Matsalar ita ce fassara abin da ta faɗa, domin lambar da ta nuna ƙarancin iska ba ta nufin a sauya turbo; sau da yawa tiyo ne ya tsage. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, da Kwalejin Ilimi ta Fasaha da ke Gusau suna da ɗakunan aiki da malamai, ƙungiyar kanikawa ta NATA kuma tana da mutanen. Gajeren kwas na yamma da Hausa, wanda zai haɗa maigidan gareji da yaransa a kan inji na gaske, zai fi rabon kayan aiki da ake yi a bikin siyasa amfani. Hukumar SON ce ke da alhakin jabun bakin mai, NMDPRA kuma ingancin fetur, kuma aikinsu ya kamata ya kai shagunan Tudun Wada ta Gusau da gidajen man ƙauye, kada ya tsaya a Legas da Abuja. Yaron da mahaifinsa ya kai gareji bana zai yi shekara biyar ko shida kafin a yaye shi, daidai lokacin da motocin 2018 zuwa 2022 za su zama na kowa. Kafin ranar yana bukatar ya iya karanta lambar bakin mai a murfin inji, ya auna matsin iska da na fetur da ma'auni, ya san dalilin da ya sa ake barin tamostat a wurinsa, ya kuma iya yi wa mai mota bayanin haka ko da mai motar ya girme shi.